Kujerar Babur ga Dogon Mutum: Tambayoyin da Mahaya ke Yi a Kumasi da Amsoshinsu

Mafi yawan baburan da ke yawo tsakanin Aboabo, Asawase, Alabar da Tafo ƙanana ne masu girman inji cc 100 zuwa 150, irin su Boxer, Haojue, Apsonic, Royal da TVS. An ƙera su ne da awon matsakaicin mutum. Duk wanda tsayinsa ya kai santimita 183 ko ya wuce, wato ƙafa 6, yana hawansu ne a takure, kuma jikinsa na gaya masa haka tun kafin azahar. Ga tambayoyin da dogayen mahaya suka fi kawowa wajen masu gyaran kujera da makanikai.

Ni dogo ne, in na yi awa ɗaya a kan babur sai mazaunaina su ɗau zafi, gwiwa ta riƙe. Kujerar ce ta yi tauri?

Galibi ba taurin ba ne. Matsalar tazara ce tsakanin inda kake zama da matakin da kake ɗora ƙafa. Idan tazarar ta yi wa ƙafarka kaɗan, gwiwa takan ɗago sama har ta kai tsayin ƙugu ko ta wuce shi. Da zarar gwiwa ta ɗago, cinya ta rabu da kujera ke nan, ba ta ɗaukar komai na nauyinka. Duk nauyin sai ya tattaru a kan ƙasusuwa biyun nan na mazaunai, wurin da bai fi tafin hannu ba. A lokaci guda ƙugu na juyawa baya, gadon baya ya lanƙwashe, ƙashin gindi ya fara taɓa kujera. Zafin mazaunai, ciwon tsatso da riƙewar gwiwa duk daga wuri ɗaya suke fitowa.

Shi ya sa ƙara laushi ke daɗa dagula abin. Soso mai laushi yana nutsewa, ka sauka ƙasa da santimita 3 ko 4, tazarar da dama ba ta isa ba ta ƙara raguwa. Abin da dogo ke bukata shi ne kujerar da ta fi tsayi, ta fi shimfiɗuwa, ta fi ƙarfi, kuma ta ba shi damar matsawa baya.

Yaya zan auna in san nawa ya kamata a ƙara?

Kada ka je wurin mai kujera da "ƙara mini kaɗan" a baki. Ka je da lamba.

Fara da tsawon ƙafarka. Cire takalmi, ka jingina da bango, ka sa littafi mai kauri a matsematsi ka ɗaga shi har ya tokare, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Dogayen maza sukan samu tsakanin santimita 86 zuwa 93. Mutum biyu masu tsayi ɗaya na iya bambanta sosai a nan: wani ƙafarsa ce doguwa, wani gangar jikinsa. Mai doguwar ƙafa kujera da mataki zai gyara. Mai doguwar gangar jiki kuwa, kan babur, wato inda ake riƙewa a tuƙa, shi ne zai fi damunsa.

Sannan ka kafa babur a kan ƙarfen tsayuwarsa na tsakiya, ka hau da takalmin da kake tuƙi da shi, ka riƙe kai yadda ka saba, wani ya tsaya daga gefe ya ɗauke ka hoto da waya, yana riƙe da ita daidai tsayin kujera. Dubi abu uku a hoton. Shin gwiwa ta fi ƙugu tsayi? Shin cinya da ƙwauri sun matse har kusurwarsu ta gaza digiri 90 da nisa? Shin bayanka ya yi doro? In amsar biyu daga ciki e ce, kujerar ta yi maka ƙasa.

Gwajin ƙarshe shi ne mafi amfani. Nemi katako ko tarin kwali mai kaurin santimita 2.5, ka ɗora a kan kujera ka zauna, a sake ɗaukar hoto. Ka ƙara ya zama 5, a sake. Inda cinyarka ta ɗan gangara gaba, gwiwa ta sauka ƙasa da ƙugu, nan ne awonka. Ga mai doguwar ƙafa, ƙarin santimita 5 yana buɗe gwiwa da wajen digiri 7 ko 8, kuma wannan bambanci ne da gwiwa ke ji a tafiyar awa biyu. Wannan gwaji a tsaye ake yinsa. Kada a hau titi da katako a ƙarƙashi.

To har nawa za a iya ƙarawa ba tare da an ɓata babur ba?

A kan ƙananan baburan nan, santimita 3 zuwa 5 shi ne abin da ya fi dacewa. Ana iya kaiwa 6 ko 7 ga wanda ya yi tsawo ƙwarai, amma daga nan matsaloli ke fara bayyana: soson ya yi tsini yana rangaji a kwana, kan babur ya koma ƙasa da kai har ka riƙa sunkuyo, gwiwa kuma ta daina kama tanki.

Iyakar gaskiya ita ce ƙasa. Bayan an ƙara, dole ka iya dire ƙafa biyu a tsaye da babur. Mai tuƙa kansa kaɗai zai iya wadatuwa da gaban tafin ƙafa biyu. Mai ɗaukar fasinja ko kaya, wanda ke tsayawa sau ɗari a cunkoson Kejetia ko a gangaren da ruwa ya zaizaye, yana bukatar tafin ƙafa gaba ɗaya, har da dunduniya. A wannan wurin ba a sassauci.

Ina yawan zamewa gaba in manne da tanki. Me ke jawo haka?

Siffar kujerar ce. Yawancinsu an yi musu kwari a gaba, sannan tudu a tsakiya da ke raba direba da fasinja. Gajeren mutum yana zama cikin kwarin lafiya. Dogo kuwa yana son matsawa baya, sai ya hau kan gangaren tudun, kowane birki ya turo shi gaba. Yana wuni yana tokare kansa da hannu, shi ya sa kafaɗa da wuyan hannu ke ciwo da yamma.

Gyaransa biyu ne a haɗe. A cike kwarin har wurin zaman ya shimfiɗu, hancin kujerar ma ya ɗan ɗaga da kamar santimita 1 sama da tsakiya. Sannan a fere tudun a mayar da shi baya da santimita 3 zuwa 5. Mutane da yawa da suka zo neman ƙarin tsayi, wannan ne ainihin abin da suke bukata, kuma bayan an yi shi sai ƙarin tsayin da ake nema ya ragu.

Sai dai a kula: duk yadda ka matsa baya, nauyi na barin tayar gaba. In ga fasinja ga buhu a kariya, gaban zai yi sakayau, musamman a hawan tudu. Kada a wuce santimita 5 a kan ƙaramin babur mai ɗaukar kaya.

Faɗi fa? Na ga wasu suna sa kujera mai faɗi ƙwarai.

Faɗi yana da wurinsa. A baya, inda ƙasusuwan mazaunai ke sauka, ana son shimfiɗaɗɗen wuri na santimita 27 zuwa 32, mai ɗan kwari kaɗan a tsakiya yadda nauyi zai bazu. Tazarar ƙasusuwan biyu a jikin namiji takan kai santimita 10 zuwa 13, don haka kujerar da samanta ya yi ƙozo kamar bayan jaki tana shiga tsakaninsu ta danne matsematsi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Wannan ce ke kawo sagewar gaba da wasu ke jin nauyin faɗa.

A gaba kuwa, kusa da tanki, siririya ake so, gefunanta a zagaye. Faɗi a nan yana buɗe cinyoyi, ya rage tsawon ƙafar da ke kaiwa ƙasa, gefen kuma ya riƙa yankan cikin cinya. Kuma faɗin baya ba zai wuce farantin kujera, wato gindin roba ko ƙarfe da soson ke zaune a kai, da fiye da santimita 2 a kowane gefe ba. Soson da ba shi da abin tokara a ƙasa lanƙwashewa yake yi.

Wane soso ne ya dace? Mai kujera ya nuna mini na katifa ya ce yana da laushi.

Soson katifa na katifa ne. An yi shi don ɗaukar jiki a kwance, nauyi a baje. A kan babur, inda kilo 80 ko 100 ke sauka a ɗan ƙaramin wuri, yana lotsewa har ƙasa cikin mintuna, cikin 'yan watanni kuma ya mutu.

Wanda ake so a ƙasa shi ne matsattsen soso, mai dabbare-dabbaren launi, wanda aka yi da gutsattsarin soso aka matse da gam. Masu kujerun mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, sun san shi, haka masu sayar da kayan kushin. Nauyinsa ne shaidarsa. Soson katifa na yau da kullum yakan tsaya a kilo 18 zuwa 30 a kowace mita kubik ɗaya, wato tsawo, faɗi da kauri duk mita guda. Matsattsen kuwa daga kilo 80 zuwa sama. Ga yadda za ka gane a kasuwa: yankin da ke da santimita 30 tsawo, 30 faɗi, 5 kauri, in na kilo 80 ne zai kai giram 360, in na kilo 25 ne bai wuce giram 115 ba. Hannu ma na jin wannan bambanci ba sai an nemi sikeli ba.

Shiri mai kyau hawa uku ne. Matsattsen soso a ƙasa, shi ke ba da tsayi da ƙarfi. Soso mai matsakaicin ƙarfi na santimita 1.5 zuwa 2 a kansa, shi ke karɓar siffar jiki. Sai siririn shafi na santimita 1 ko ƙasa da haka a sama, don ya ɓoye gaɓoɓin da aka haɗa kada su fito ta cikin rigar kujera. In ka zauna minti 10, nutsewar da ta dace ita ce santimita 1.5 zuwa 2.5. In ka danna da dunƙulen hannu ka ji faranti, bai yi ba.

Sabuwar kujera mai ƙarfi takan ba mutum mamaki a kwanakin farko, ya ga kamar an cuce shi. A ba ta mako biyu. Ana gane kujera mai kyau ne a awa ta uku ta tafiya, domin a minti biyar na farko mai laushi ce kullum ke cin gasa.

Yaya ake aikin, don in san ko ana yi mini daidai?

Ana kwance kujerar, galibi noti biyu ne a gefe ko a baya, da harshe a gaba da ke shiga ƙarƙashin tanki. A cire ƙusoshin sitefula a ɗaga riga. Kafin a taɓa soso, a duba faranti. Na roba yakan tsage kusa da inda noti ke kamawa, na ƙarfe yakan yi tsatsa a gefe. A duba ƙananan robobin da ke ƙarƙashinsa, waɗanda ke zama a kan firam. In sun faɗi ko sun lotse, a sa sababbi, domin rashinsu ne ke sa girgizar inji ta hau kai tsaye zuwa jikinka, kuma shi ke fasa faranti.

In tsohon soson ya jiƙe, a shanya shi ya bushe sarai. In yana marmashewa a hannu, a zubar da shi gaba ɗaya a gina sabo daga faranti. In yana da rai, a mayar da kujerar kan babur ba riga, ka hau, a zana da alƙalami inda mazaunanka suka sauka, inda cinya ta bi, da inda kake son tudu ya koma. Wannan mataki ne masu gaggawa ke tsallakewa. Mai kujerar da bai ce ka hau ya zana ba, awon wani zai yi maka.

Sai a yanke saman tsohon soson ya zama shimfiɗaɗɗe, a shafa gam irin na masu takalmi a fuskokin biyu, a bar shi minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan a manna a danne. Manna shi da danshi na sa gaɓar ta saki daga baya, kuma gam mai yawa yana bushewa ya zama ƙullutu mai tauri da za ka riƙa ji. A fere da doguwar wuƙa ko ruwan zarto, a goge da samfefa mai kaushi har gefuna su zagaye.

A nan ne za ka roƙi alfarma ɗaya: kada a rufe tukuna. A naɗe soson da leda a ɗaure da salatif, ka hau ka yi minti 30 zuwa awa ɗaya, ka haɗa da hanya mai ramuka. Ka dawo ka nuna inda ke danna ka. Ferewar minti biyar a wannan lokaci ta fi kwance riga daga baya.

Bayan nan a shimfiɗa siririn shafin sama, a rufe da leda don ruwa, a ja riga. Ana ɗan shanya rigar a rana ta yi laushi, a kama gaba, a kama baya, a kama tsakiyar gefe biyu, sannan a bi sauran da ƙusa kowane santimita 2. Ƙusa mai tsawon milimita 6 zuwa 8 ta isa. Wadda ta fi haka tana huda farantin roba ta shiga soso. Jan riga da ƙarfi fiye da kima yana matse soson ya cinye santimita 1 daga tsayin da ka biya kuɗinsa.

Tsohuwar rigar za ta koma?

In ƙarin ya wuce santimita 2, ba za ta koma ba. A ɗinka sabuwa.

Wace riga ce ke jure ranar Kumasi da ruwanta?

Fatar roba mai kauri, mai saƙa a bayanta, wadda ke ɗan miƙewa ta kowane ɓangare. Samanta ya kasance mai ɗan kaushi. Mai sheƙi da santsi tana da kyau a ido, amma ita ke zamar da kai gaba. Mai kama wando ƙam-ƙam ita ma ba a so, domin doguwar tafiya na bukatar ka riƙa ɗan gyara zama.

Ɗinki shi ne ƙofar ruwa. A Kumasi ana ruwa daga Maris zuwa Yuli, a ɗan sarara, a koma daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma kujera mai layin ɗinki a sama tana shan ruwan nan ta ramukan allura. Soson da ya sha ruwa yana jiƙa wando kwana biyu bayan an ɗauke, yana wari, yana ruɓewa, ya kuma cinye farantin ƙarfe. A mayar da ɗinki gefe, ƙasa da inda cinya ke gogawa, a kuma tabbatar da ledar nan a ƙarƙashi. Da hunturu kuwa bushewa ce ke tsattsaga riga mai arha. Ruwa da sabulu kaɗan sun ishe ta wanki. Kada a goge ta da fetur ko bakin mai, kada kuma a shafa mata man sheƙi na taya.

Baƙar riga a ranar tsaka tana ƙuna. Inuwa ko tsumma a kai in an ajiye babur ya fi canza launi sauƙi.

Ragar nan da ake sawa a kan kujera, da matashin iska, da fatar rago, suna da amfani?

Ragar mai kauri tana barin iska ta ratsa, tana rage gumi, ruwa kuma ba ya kwanciya a ƙarƙashinka. Tana ƙara kusan santimita 1. Ga mai wuni a gari abu ne mai kyau, muddin ta kama kujera ba ta juyawa.

Matashin iska yana baza nauyi sosai a doguwar hanya, amma kuskuren da ake yi shi ne cika shi da iska. Kaɗan ake sawa, yadda za ka nutse har ka kusa taɓa kujera. Cikakke yana sa ka rangaji a kwana, ka daina jin abin da tayar baya ke yi.

Fatar rago mai gashi, wadda aka jeme da kyau, tsohuwar dabara ce kuma tana aiki: tana shan gumi, tana rage gogayya. Bayan Babbar Sallah ba ta wahalar samu a zango, sai dai ɗanya ko wadda ba ta jemu ba wari za ta yi. A ɗaure ta da roba a ƙarƙashi, a cire in hadari ya haɗu.

Shafin jel da ake sawa cikin wasu kujeru yana riƙe zafin rana ya daɗe bai huce ba, ga nauyi. A yanayinmu ba shi ne zaɓin farko ba. Kuma duk waɗannan ƙari ne a kan kujerar da siffarta ta yi daidai. Ba sa gyara kwari ko tudun da ke wurin da bai dace ba.

An ƙara mini tsayi, gwiwa ta huta, amma yanzu wuya da kafaɗa ke ciwo.

Ka hau sama, kan babur ya tsaya inda yake, don haka kana sunkuyo. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: a sassauta notuna huɗun da ke riƙe da kai, a juya shi sama da baya kaɗan, a ɗaure, a gyara hannun kuloci da na birki su ɗan kalli ƙasa yadda wuyan hannu zai miƙe. In bai isa ba, a sa abin ɗaga kai na santimita 2 zuwa 3, ko a canza kai mai tsayi.

Bayan wannan akwai gwajin da ba a tsallakewa. A tada inji, a juya kai har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama. In ƙarar inji ta tashi da kanta, wayar totur ta ja, kuma hakan na iya jefa mutum cikin kwata a kwana. A duba wayar kuloci, ta birkin gaba ko tiyonsa, da wayoyin wuta, kowanne ya kasance da sauran saki. In babu, a canza da masu tsawo. Notunan da aka yi amfani da su su zama masu ƙarfi, masu isasshen tsawo. A nan araha ba ta ado.

Maimakon ɗaga kujera, ba za a sauke mataki ba?

Ana yi, santimita 2 zuwa 3, kuma yana buɗe gwiwa ba tare da ka yi nisa da ƙasa ba. Amma yana da farashi. Matakin zai riƙa taɓa ƙasa a kwana da kan tudun rage gudu, kuma dole a sauke sandar giya da ta birkin baya su bi shi, in ba haka ba ƙafa za ta riƙa ɗagowa kafin ta taka birki, a rasa lokaci. A gyara makunnin fitilar birki ma.

A kan Boxer da ire-irensa matakan biyu sukan kasance a jikin sanda ɗaya da aka ɗaure a ƙarƙashin inji. Yanka ta a yi walda aiki ne na ƙwararre, domin wurin na ɗaukar dukan nauyinka duk lokacin da ka miƙe don tsallake rami. Shawararmu a fara da kujera. Mataki ya zo a ƙarshe, in har akwai sauran bukata.

Zan iya sayen kujerar wani babur ta gwanjo in ɗora?

In ta irin babur ɗinka ce, e, kuma dabara ce mai kyau: ka gina doguwar a kan farantin gwanjon, ka ajiye ta asali don ranar sayarwa ko ranar da ƙaninka zai hau. In ta wani iri ce, da wuya harshe da ramukan noti su dace. Kujerar da aka ɗaure da waya ko tsohon tiyub tana motsi a birki. Ka je da taka ka gwada su baki da baki, ka kifa ta ka duba tsaga, ka matse soson ka ji ko akwai ruwa.

Ni okada nake yi. In na matsa baya, ina fasinja zai zauna?

Auna kafin a yanka. Fasinja babba na bukatar aƙalla santimita 25 na tsawon kujera, kuma Hajiya mai zane da ke zama a karkace tana bukatar wuri shimfiɗaɗɗe, marar santsi. In ka ɗaga wurinka da santimita 4, a ɗaga nata da kamar haka, don kada ta riƙa gangarowa baya ko ta rasa abin kamawa. A tabbatar ƙarfen riƙo na baya bai nutse cikin sabon soson ba, yatsu su iya shiga. Ga mai wannan sana'a, ƙarin tsayi ya fi matsawa baya amfani.

Kujera ta yi daidai amma ramuka na dukana har ƙashin baya.

Wannan aikin shoka ne da taya. Dogon mutum yawanci yana da nauyi, kuma shokar baya kan zo a matakin laushi. Galibinsu suna da zobe mai matakai 5. Hau babur, wani ya duba nawa ta nutse: kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta ake so. In ta wuce haka, a ƙara mataki, gefe biyu daidai wa daida. Wadda ke zubar da mai ko ke ci gaba da lilo bayan an danna ta mutu, soso ba zai maye gurbinta ba.

Sai iska. Masu faci da yawa kan cika taya har ta yi tauri suna gwadawa da yatsa. Lambar da kamfani ya sa tana jikin takardar da ke manne kusa da sarƙa ko a littafin babur, kuma akwai ta mutum ɗaya da ta mutum biyu. A auna da ma'auni, taya na sanyi.

In zan sayi sabon babur, wanne ya fi dacewa da dogo?

Duba tsayin kujera, amma kada ka tsaya nan. Ƙananan baburan gari sukan kasance tsakanin santimita 75 zuwa 81. Masu shiga daji sun fi tsayi: Honda CRF300L na da 88, Yamaha Ténéré 700 na da 87.5, Honda Africa Twin kuma ana saita ta a 85 ko 87. Sai dai wasu masu tsayin sun ɗaga mataki ma don kada ya taɓa ƙasa, don haka tazarar gwiwa ba ta ƙaru yadda lambar ke nunawa ba. Je da tef ka auna daga kwarin kujera zuwa saman mataki, ka kwatanta da naka na yanzu. Masu ƙaramar kujera da mataki can gaba, irin na ƙasaita, suna miƙe gwiwa amma suna zuba nauyi a ƙashin gindi, kuma ba ka iya miƙewa a rami. Ƙananan nan marasa tanki a gaba kuwa, gwiwar dogo takan bugi kai in ya juya. A gwada wannan tun a shago.

Tafiyar Tamale ko Accra fa, me zan yi ban da kujera?

Cire walat da waya daga aljihun baya; zama a kansu na karkatar da ƙugu ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Wando mai kaurin ɗinki a mazaunai yana zama ƙuna bayan awa biyu. In da doguwar riga za ka hau, tattare ta sosai kada ta kusanci sarƙa. Sauka kowace awa ɗaya ko ɗaya da rabi, tun kafin zafi ya fara, ka taka na minti biyar: a hanyar arewa akwai Techiman da Kintampo, a ta Accra akwai Konongo, Nkawkaw da Suhum. A kan hanya ka riƙa sauya inda ƙafa ke taka mataki, wani lokaci tsakiyar tafi, wani lokaci gabansa.

Yaushe abin ya wuce na mai kujera ya zama na likita?

Zafin da ke tafiya bayan ka sauka ka taka na kujera ne. Amma in matsematsi ko gaba ya yi dindiris har bayan awoyi, ko ciwo na sauka daga ƙugu zuwa ƙafa ɗaya, ko ƙafar ta yi rauni har tana kasa ɗaga sandar giya, ko gwiwa ta kumbura, a je asibiti. In kuma aka samu wahalar fitsari ko kasa riƙe shi tare da ciwon baya da sagewa, a ranar za a je, ba a jira gobe, kuma ba a kan babur ɗin za a tuƙa kai ba.